An gayyace ni farautar barewa a Wiskonsin, ni kuwa mai bi ne: yaya zan shirya?

Wani ɗan'uwa matashi, Bahaushe Kirista da karatu ya kai shi jihar Wiskonsin ta Amurka, ya aiko da tambaya. Mutanen ikkilisiyar da yake sujada a cikinta sun gayyace shi farautar barewa a watan Nuwamba, shi kuwa bai taɓa riƙe bindiga ba. Yana so ya san ko ya halatta mai bi ya kashe dabba alhali ba yunwa ce ta kore shi daji ba. In ya halatta, me zai fara shiryawa, yaya kuma zai yi da ranar Lahadi da maganar jini?

Ƙanena, salamar Ubangiji ta kasance tare da kai. Na daɗe ina farauta a jihar nan, ina kuma cikin masu koya wa sababbin mafarauta yadda za su kiyaye haɗari, ban da hidimar dattijo da nake yi a ikkilisiya. Tambayarka ta faranta mini rai, domin yawancin masu zuwa wurina tambayarsu ta farko ita ce wace bindiga za su saya. Kai ka fara da lamirinka, kuma nan ne wurin farawa.

Maganar halatta ba ta da wuya. Bayan ruwan tsufana Allah ya ba Nuhu da zuriyarsa izinin cin nama, kamar yadda yake a Farawa 9:3. A Maimaitawar Shari'a 14:5 an ambaci barewa da 'yan uwanta cikin dabbobin da Isra'ilawa za su ci. Ishaku ya aiki Isuwa da kwari da baka ya farauto masa nama, kuma 1 Sarakuna 4:23 ta lissafa naman daji cikin abincin gidan Sulemanu. Manzo Bulus ya gaya wa Timoti cewa duk abin da Allah ya halitta mai kyau ne, ba a ƙin sa in an karɓa da godiya. Za ka ji wasu mafarauta suna kafa hujja da wahayin Bitrus, inda aka ce masa ya tashi ya yanka ya ci. Ni ba na jingina da wannan aya, domin abin da take koyarwa shi ne buɗe ƙofar bishara ga al'ummai, kuma ba ma bukatar mu tanƙwara ta don mu sami abin da wasu ayoyi suka riga suka faɗa a fili.

Amma ka duba abin da ya biyo bayan izinin nan da nan. Aya ta gaba, Farawa 9:4, ta hana cin nama da jininsa, domin jinin shi ne rai. A Littafin Firistoci 17:13 kuwa maganar ta zo kan mafarauci kai tsaye: wanda ya farauto dabba ko tsuntsu na ci, sai ya zubar da jinin ya rufe shi da ƙasa. Zabura 50 ta ce kowace dabbar jeji ta Allah ce. Idan ka haɗa waɗannan, za ka ga an ba mu izini mu ɗauka daga dukiyar da ba tamu ba, Mai ita kuma yana kallon yadda muke ɗauka. Shi ya sa nake gaya wa ɗalibaina masu bi cewa bangaskiyarsu a wannan harka ba a addu'ar asubar ranar farko kaɗai za a gan ta ba. Za a gan ta tun watan Satumba, a filin gwajin harbi, a takardun lasisi, da abin da suka tanada don naman kafin su kashe komai.

Game da cewa ba yunwa kake ji ba: kana cin naman kanti kowane mako, kuma wani ne ya kashe dabbar a madadinka. Don haka tambayar da ta fi dacewa ita ce ko za a ci abin da ka kashe. Karin Magana 12:27 ta zargi raggon da ba ya gasa abin da ya farauto. Wanda ya harbe barewa ya sare ƙahon ya bar gangar jikin ta ruɓe ya yi zunubi, ko da babu jami'in da ya gan shi. Sannan ka san cewa akwai 'yan'uwa masu bi na gaske da zuciyarsu ba ta yarda su kashe dabba da hannunsu ba. Romawa 14 ta hana mai ci ya raina marar ci, ta hana marar ci ya hukunta mai ci. In ka yi addu'a ka ga ranka bai kwanta ba, ka bi su ba tare da bindiga ba. Za ka taimaka da jan nama da girki, za ka ga daji, babu kuma wanda ke da ikon ya ce ka gaza.

Yana da kyau ka san tarihin dokokin da za ka tarar, domin wanda bai san shi ba yakan ɗauke su takura ce kawai. A ƙarshen ƙarni na 19 masu farauta don kasuwa sun kusa ƙarar da barewa mai farar wutsiya a Amurka. Wajen 1900 abin da ya rage bai wuce rabin miliyan ba a duk ƙasar. A tsakiyar Wiskonsin ɗin nan, a 1871, wata irin kurciyar daji ta yi sheƙa a fili mai faɗin ɗaruruwan murabba'in mil, yawanta ya fi gaban ƙirga. An yi ta kashewa ana lodawa a jirgin ƙasa zuwa birane, har ta ƙarshe a duniya ta mutu a gidan namun daji na Cincinnati a 1914. Irin wannan asara ce ta haifi dokar Lacey ta 1900, wadda ta hana safarar naman da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba daga jiha zuwa jiha, da dokar Pittman-Robertson ta 1937, wadda a ƙarƙashinta harajin kashi 11 cikin ɗari na dogayen bindigogi da harsasai yake komawa ga jihohi don raya namun daji. Yau barewar ta kai wajen miliyan 30. Mu da muka taso a arewacin Nijeriya mun san ɗaya gefen labarin. Dattawa suna ba da labarin gada da barewa da gwanki a bayan gari, yau kuwa a wurare da yawa a ƙone daji a yi yinin farauta da karnuka a dawo da zomo da gafiya. Allah ya sa Adamu a gonar Adnin ya noma ta ya kuma kiyaye ta, kuma doka mai iyakance kisa tana cikin wannan kiyayewa.

Yanzu a wurare da yawa matsalar ta juye. Barewa ta yi yawa, tana cinye ƙananan itatuwa kafin su tashi, tana ɓarna a gonaki, motoci suna karo da ita fiye da sau miliyan ɗaya a shekara a faɗin ƙasar. Farauta mai tsari ita ce babbar hanyar da hukuma take rage yawanta.

To, bari mu zo kan takardu, kuma a nan ka buɗe kunne sosai saboda kai baƙo ne. Dokar tarayya ta hana wanda ya shigo da bizar zaman ɗan lokaci, irin ta ɗalibai, ya riƙe bindiga ko harsashi, sai in yana cikin 'yan rukunin da aka keɓe. Ɗaya daga cikinsu shi ne mai lasisin farauta da bai ƙare aiki ba. Ma'ana, lasisi ne farko, taɓa bindiga daga baya, ko da a filin gwaji ne, ko da bindigar ɗan'uwa ce a ikkilisiya. Abokanka 'yan ƙasa ba lalle su san wannan ba, domin bai shafe su ba. Ka je ofishin da ke kula da ɗalibai baƙi a makarantarku ka tambaya, in da hali ka ji ta bakin lauyan shige da fice, kuma kada ka kai bindiga ɗakin kwanan ɗalibai ko sau ɗaya.

A Wiskonsin duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairu 1973 zuwa yau sai ya ci darasin kiyaye haɗari na mafarauta kafin ya sayi lasisi na kansa. Akwai rangwame: sabon shiga zai iya farauta ba tare da shaidar darasin ba in yana tare da mai jagora da ke kusa da shi iyakar miƙa hannu. Duk da haka shawarata ka yi darasin. Lokacin farauta da bindiga kwana 9 ne, yana farawa ranar Asabar ta ƙarshe kafin bikin Godiya, wato Alhamis ta huɗu a Nuwamba, ya ƙare Lahadin bayan bikin. Mafarauta fiye da rabin miliyan ne suke sayen lasisinsa. Ana fara harbi minti 30 kafin fitowar rana, a daina minti 20 bayan faɗuwarta. Aƙalla rabin tufafinka daga ƙugu zuwa sama dole ya zama ruwan lemo mai ƙyalli, ko ruwan hoda mai ƙyalli da jihar ta halatta a 2016. Kada ka damu cewa barewa za ta hango ka. Idonta ba ya rarrabe wannan launi kamar namu, hancinta da kunnenta ne abin tsoro, sai kuma motsinka. Haska dabba da fitila da dare a harbe ta, yadda wasu mafarautan gida suke yi da fitilar goshi, babban laifi ne a nan. Zuba hatsi don jawo barewa an hana shi a ƙananan hukumomi da yawa saboda cuta. Bayan ka kashe, sai ka yi rajistar dabbar wurin hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar, wadda ake kira DNR, kafin ƙarfe 5 na yammacin washegari. Ƙa'idojin sukan ɗan canja, saboda haka ka karanta littafin dokokin shekarar da za ka fita.

Romawa 13 ta ce mu yi biyayya ga mahukunta saboda lamiri, ba don tsoron hukunci kaɗai ba. Daji ne inda ake gane wannan, domin yawanci babu mai ganinka. Minti biyar sun wuce lokacin daina harbi, ga namiji mai manyan ƙahoni ya fito, har yanzu kana iya ganinsa. Ko kuwa yana tsaye taki goma a cikin gonar maƙwabcin da bai ba ku izini ba. Ka yanke hukunci kan irin waɗannan tun kana gida, a gaban Allah, domin idan zuciya ta fara bugawa ba ta iya shawara. Ko bin sawun dabbar da ka raunata ne ya kai ka iyakar filin wani, ka tsaya ka nemi izininsa kafin ka tsallaka.

Yanzu ga inda na fi so ka ba da lokacinka. Karin Magana 12:10 ta ce adali yana kula da ran dabbarsa. Ga mafarauci, kulawar nan ita ce dabbar ta mutu da sauri, da harbi ɗaya, ba ta kwana tana jan ciki a cikin ƙanƙara ba. Wannan kuwa ba ya samuwa da kyakkyawar niyya kawai, sai da gwaji. Ba a fafe gora ranar tafiya. Da zarar takardunka sun kammala, ka roƙi wanda zai jagorance ka ya kai ka filin gwaji, ku saita bindigar da ainihin irin harsashin da za ka shiga daji da shi. Kada ka tsaya ga harbi a kan teburi da buhun yashi. Ka gwada a zaune, ka gwada a durƙushe, ka gwada sanye da rigar sanyi mai kauri da safar hannu, domin haka za ka kasance ranar. Wurin da ake nema a jikin barewa shi ne zuciya da huhu, a bayan kafaɗar gaba kaɗan, wajen kashi ɗaya cikin uku daga ƙasan ƙirji zuwa sama, faɗinsa kamar faifai. Nisan da za ka iya sa kowane harsashi a cikin wannan faɗi, ba kuskure, shi ne iyakarka. In mita 50 ne, to mita 50 ne, ko abokinka yana harbi daga mita 200. Kada ka nemi kai ko wuya. Wurin ƙarami ne, yana motsi, kuma harsashin da ya kauce kaɗan yakan farfasa muƙamuƙi, dabbar ta tsere ta mutu da yunwa bayan kwanaki. Kada ka harbi wadda take gudu, ko wadda ta ba ka baya. Ka jira ta tsaya ta ba ka gefe. In ba ta ba ka ba, ka bar ta ta tafi, ba ka yi asarar komai ba.

Bayan harbi aikin bai ƙare ba. Ka lura da inda take tsaye lokacin da ka harba, da bishiyar ƙarshe da ka ga ta wuce. Ka zauna kamar rabin awa, sannan ka je ka duba ƙasa. Jini mai haske, ja-ja zuwa ruwan hoda, da ƙananan kumfa a ciki, na huhu ne. Ba za ta yi nisa ba. Jini mai duhu sosai yakan nuna hanta, sai ka ba ta awa huɗu ko fiye. In ka ga ruwa mai kore-kore da ɓarɓashin ciyawa yana wari, tumbi ka samu, kuma wannan ita ce jarrabawa mai wuya: dole ka janye ka ba ta awa takwas ko fiye, domin in ka matsa mata za ta tashi ta yi nisan da ba za ka same ta ba. Idan ka fara bi, ka taka a gefen sawun, ka sa alama a ɗigon ƙarshe, ka duba ganyaye a tsayin gwiwa da ƙugu, ba ƙasa kaɗai ba. Wani lokaci za ka durƙusa kana neman ɗigo ɗaya a kan busasshen ganye, hannu ya ƙage, duhu yana shigowa, abokai suna kira a zo a ci abinci. Wanda ya harba ba shi da izinin gajiya da wuri. Yesu ya ce ko gwara ɗaya ba ta faɗuwa ƙasa ba da sanin Ubanmu ba, balle dabbar da kai ka sa wa rauni.

Ran mutum kuwa ya fi wannan duka. Maimaitawar Shari'a 22:8 ta umarci mai gina gida ya yi wa rufinsa katanga don kada wani ya faɗo alhakin jini ya hau gidansa. Sura ta 19 ta kawo misalin mutumin da ruwan gatarinsa ya fice ya kashe abokinsa a jeji ba da niyya ba, amma duk da haka sai ya gudu ya bar gida zuwa birnin mafaka. Littafi Mai Tsarki bai ɗauki sakaci ƙaramin abu ba. Ƙa'idoji huɗu muke koyarwa: ka ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi a ciki, kada bakinta ya kalli inda ba ka yarda harsashi ya tafi ba, ka tabbatar da abin da kake nufi da abin da ke gabansa da bayansa, yatsanka kuma kada ya shiga wurin kunama sai ka shirya harbi. Motsin ganye ba barewa ba ne, farin abu a cikin kurmi ma ba barewa ba ne sai ka ga dabbar gaba ɗaya. Wasu ƙungiyoyi suna yin farautar kora, wasu su shiga kurmi su taso dabba, wasu su tsaya a bakin fita. Za ta yi maka kama da ta gida, amma da bindigar da harsashinta ke wuce kilomita ɗaya nesa ba kusa ba, ita ce mafi haɗari ga sabon shiga. A shekararka ta farko ka nemi a bar ka ka yi kwanto wuri ɗaya tare da jagoranka.

Abin da mutane ba su zata ba shi ne, faɗowa daga kujerar da ake kafawa a kan bishiya ya fi harsashi jikkata masu farautar barewa. In za ka hau, ka sa ɗamarar tsaro mai kama jiki duka, ka ɗaure da bishiyar tun daga ƙasa har ka sauko, ka jawo bindigar da igiya bayan ka cire harsashi. Sanyin Nuwamba a nan yakan sauka ƙasa da daskarewar ruwa, zama shiru na awanni kuma yana sa ya shiga ƙashi. Ka sa tufafi hawa-hawa, na ulu, ka guji auduga a jikin fata domin tana riƙe gumi. Ka duba jikinka saboda kaska mai kawo cutar Lyme, wadda ta yi yawa a jihar. Wasu sansanonin farauta akwai giya da dare. Kai ka san matsayinka, kuma in ka ga wanda ya sha ya ɗauki bindiga, ka faɗa wa shugaban tafiyar ko da za a ji haushinka.

Sai shirin zuciya. Ba laifi ba ne ka roƙi Allah ya ba ka nama, tun da muna roƙonsa abincin yini. Amma ka sa kariyar kowa da kowa a gaba, da hannu marar rawa, da ikon sauke bindiga in harbin bai dace ba. Mun san yadda farauta take a gida, da layu da guraye da maganin bindiga da kirari. Mai bi ba ya shiga daji da waɗannan, kada kuma ya mai da Littafi Mai Tsarki ko gicciye laya ya sa a aljihu don sa'a. In akwai 'yan Katolika a cikinku za ka ji sunan Hubert, bishop na Liège a ƙasar Beljiyam ta yau, wanda ya rasu a 727, ana tunawa da shi ranar 3 ga Nuwamba a matsayin waliyyin mafarauta. Labarin da ake bayarwa shi ne ya bar sujada ya tafi farauta ranar Juma'a Mai Kyau, sai ya ga gicciye tsakanin ƙahonin barewa, ya tuba. Ko ba ka bin wannan al'ada, gargaɗin da ke cikin labarin ya shafi kowa: farauta tana iya cinye mutum har ta hau kujerar da ba tata ba.

A nan gunkin da ya fi yawa shi ne ƙaho. Za ka ga ana auna shi da inci, ana rataye shi a bango, ana baza hotuna a Facebook. Ban ce ajiye ƙaho zunubi ne ba. Halittar Allah ce mai ban sha'awa, namijin yana zubar da shi kowace shekara ya tsiro sabo. Amma na ga 'yan'uwa da suka daina gaisawa saboda wane ne ya harbi wane namiji, na ga masu ƙarin gishiri a labari har ya zama ƙarya. A yankunan da barewa ta yi yawa, kashe mace shi ne yake rage yawan, kuma namanta ba ya kasa na namiji. In kana da izinin harbin marar ƙaho, ka karɓe ta da godiya. In za ka ɗauki hoto, ka share jinin, ka gyara kwanciyarta, kada ka hau kanta ko ka ɗora mata ƙafa.

Kwana 9 ɗin nan akwai Lahadi biyu a ciki. Wiskonsin ba ta hana farautar Lahadi ba. Jihohin Maine da Massachusetts sun daɗe suna hanawa, Pensilbaniya ma sai a 2020 ta fara sassautawa da Lahadi uku a shekara, kuma asalin waɗannan dokoki girmama ranar Ubangiji ne. Masu bi sun sha bamban a kan wannan, ba zan ɗaura maka abin da Nassi bai ɗaura ba. Abin da ba na karɓa shi ne maganar da za ka ji a bakin wasu, wai daji shi ne majami'arsu. Gaskiya ne sammai suna shelar ɗaukakar Allah, kuma awannin shiru a gindin bishiya lokaci ne mai kyau na addu'a da tunani a kan Zabura 104 ko 42. Amma bishiya ba ta ba ka Jibin Ubangiji, ba ta tsauta maka, ba ka kuma iya ɗaukar nauyinta kamar na ɗan'uwa. Ibraniyawa 10:25 ta ce kada mu bar taruwa. Ni nakan sauko in je sujada a majami'ar da ta fi kusa, in koma daji da yamma in na ga dama. Ka gaya wa masu gayyatarka niyyarka tun yanzu, don kada ta zama gardama a sansani.

Da zarar dabba ta faɗi, ka kusance ta ta baya, ka tabbatar ta mutu, ka cire harsashi daga bindiga. Ka yi godiya. Sannan ka sa safar roba ka farke cikin a hankali kada wuƙa ta huda tumbi ko mafitsara, ka fitar da kayan ciki, ka juya ta jinin da ya taru a ƙirji ya zube. Wannan ya amsa tambayarka ta jini. Ayyukan Manzanni 15 ta ce a guji jini da abin da aka maƙure. Dabbar da aka harba a zuciya ko huhu jininta yana zuba a cikin ƙirji, ya fita in an buɗe. Ba ma ƙarƙashin shari'ar hadayu, amma ni nakan tura ƙasa da ganye in rufe jinin kamar yadda Littafin Firistoci ya faɗa, domin yana tuna mini da Mai ran. Naman yana bukatar ya huce da sauri, ya zauna ƙasa da digiri 4 na ma'aunin Salsiyas. In da hali ku yi amfani da harsashin tagulla. Na dalma yana watsa ɓarɓashi a nama, gaggafa kuma tana mutuwa in ta ci kayan cikin da aka bari a daji.

Akwai cutar da ke ramar da barewa, ana kiranta CWD. An fara gano ta a Kolorado a 1967, aka tabbatar da ita a Wiskonsin a 2002, kuma ta fi yawa a kudancin jihar. Wani gurɓataccen furotin ne yake kawo ta, dafuwa ba ta kashe shi, dabbar kuma tana iya ɗauke da ita tana da ƙiba kamar lafiyayya. Ba a tabbatar ta kama mutum ba, amma hukumomin lafiya sun ce kada a ci naman da gwaji ya nuna yana da ita. DNR tana da wuraren da ake kai kan dabbar a ciri kaluluwar wuya a gwada. Ka ajiye naman a firiza da alama a jikinsa har sakamako ya fito, kada ka ba kowa kafin nan.

Babbar mace takan ba da wajen kilo 20 na tsoka, wanda ya fi ƙarfin ɗalibi ɗaya. Naman ba shi da kitse sosai, yana yin kilishi da dambu mai kyau, amma in za ka gasa kada ka bari ya bushe. Ka fara cire rabon mai filin da ya ba ku izini. Ka tambayi fasto ko akwai gwauruwa ko iyalin da ke cikin matsi a ikkilisiya. Jihar tana da shirin ba da barewa kyauta tun 2000, inda mahauta da aka amince da su suke sarrafa naman ya tafi rumbunan abincin mabukata, akwai kuma ƙungiyar Kirista mai suna Farmers and Hunters Feeding the Hungry da ta fara irin wannan aiki a jihar Maryland a 1997. Sayar da naman barewar daji kuwa doka ta hana. In kana da abokai Musulmi daga gida da kake so ka ba su, ka gaya musu dalla-dalla yadda aka kashe dabbar da wanda ya kashe ta, su duba da addininsu su yanke wa kansu. Kada ka ɓoye komai don kawai su karɓa. Ka kuma kira mahaucin da za ku kai wa tun kafin lokacin ya buɗe, domin a makon nan layi yakan yi tsawo har wasu su daina karɓa.